Zumunta a Ƙafa Take, To Idan An Ɗaure Ƙafar Fa?

Filin tambaya da amsa, daga Agege, Legas, azumin 2020, lokacin annobar korona

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da shigowa goman ƙarshe. Wasiƙun wannan makon kusan duk kewar gida ce ta rubuto su. Na zaɓi uku, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Anti, barka da ibada. Ni ɗan acaɓa ne, mutumin wani ƙauye kusa da Gumel a Jihar Jigawa, shekarata shida a Legas. Da a Apapa nake aiki. Da aka hana acaɓa a can ranar 1 ga Fabrairun 2020 sai na dawo Agege wurin 'yan garinmu. Ban gama farfaɗowa ba aka sa kullen korona. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya, ɗan abin da muka tara mun cinye. A da duk Juma'a nakan tura wa mahaifiyata wani abu, sannan in kira ta in ce ta aika a karɓo. Yau sati biyar ke nan ban kira ta ba. Idan na ga kiran ƙanena sai in bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse, don ban san abin da zan ce ba. Ga matata da yara biyu a can, ga Sallah ta matso. Wani ya ce mini akwai direban tirela da ke ɓoye mutane a bayan mota zuwa Arewa. In bi shi ne, ko yaya zan yi?

AMSA

Ƙanena, dakata da karatun nan ka kira Inna. Idan babu kati a wayarka, ari ta ɗaya daga cikin 'yan ɗakinku. Sauran maganar za ta jira ka.

Ka san abin da shirunka yake yi mata? Tsohuwar nan tana da rediyo, ko maƙwabta suna da shi. Tun ranar 27 ga Fabrairu da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a nan Legas, sunan garin nan ba ya fita daga labarai, kuma har yau babu jihar da ta kai mu yawan masu cutar. Ta ji an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris. Ta ji an ƙara sati biyu. Sai ga ɗanta da bai taɓa tsallake Juma'a ba ya yi ɗif, ana kira wayar tana shiga ba ya ɗauka. Kai a ganinka babu kake ɓoye mata. Ita kuwa ba babu take zato ba. Tana can tana saƙa ko kana kwance a asibiti, ko kuwa an rufe ka ne ake ɓoye mata. Da wannan tunani take sahur, da shi take buɗa baki.

Na sa wasiƙarka a gaba ne don ciwon ba naka ba ne kai kaɗai. Mu 'yan ci-rani da 'ya'yan 'yan ci-rani mun haɗa gaisuwa da aike har sun zama abu ɗaya a zuciyarmu. Sai an tura kuɗi ake kira, kiran ya koma kamar rasit. Ranar da hannu ya bushe sai baki ma ya rufe. A gidanmu na fara ganin haka. Yayana ya taɓa yin wata huɗu bai nemi mahaifiyarmu ba lokacin da kasuwa ta karye masa, kuma har gobe idan ta tuna shekarar nan ba ta ambaton kuɗin da bai aiko ba. Cewa take yi, watannin da ban ji muryarsa ba.

Idan abin faɗa ne ya gagare ka, ga shi nan, ba ya cin katin naira 100: "Inna, ina wuni, ya ibada? Lafiyata ƙalau. Aiki ne ya tsaya, kunya ce ta hana ni kira. Ki yafe mini, ki sa mini albarka." Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗa. Ka yi shiru ka saurara har ta gama. Matarka kuma ka neme ta ita da kanta, kada saƙonka ya riƙa bi ta bakin ƙanenka. Ita ce yara suke tambaya ina Baba, ita ce kuma take rasa amsa a gaban facaloli. Ka faɗa mata gaskiyar halin da kake ciki, ku yi shawara a kan abin da za a ci kafin hanya ta buɗe, sannan ta ba yaran su ji ka.

Ana cewa zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya ne. Sai dai Bahaushen Legas bai taɓa samun zumuncin ƙafa yadda na gida yake samu ba, don tsakaninmu da Kano kusan kilomita 1,000 ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi Agege, kamar yadda ya kawo iyayen da yawa daga cikinmu. Sau ɗaya yake zuwa Zariya a shekara. Kakata ba ta karanta wasiƙa, ko ta ajami. Sai ya sayi kaset, ya shimfiɗa tabarma bayan isha da rikoda a gabansa, ya yi sallama kamar tana zaune a wurin. Ya gaishe ta, ya bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yadda kasuwa take, ya faɗi wanda aka haifa wa da wanda ya rasu a unguwa. Mu ma a kira mu, mu durƙusa gaban rikoda mu ce Kaka ina wuni. Washegari kaset ya bi direba. Shekarar da huhunan goronsa suka lalace a hanya ko sisi bai aika ba, amma kaset ya tafi, kuma a ciki ya faɗa mata abin da ya same shi ba tare da kwana-kwana ba. Bayan rasuwarta mun tarar da kaset-kaset ɗin nan a ƙasan akwatinta, ɗaure cikin ɗankwali. Ƙafar mahaifina ba ta taka Zariya a watannin nan ba, amma ba a taɓa cewa ya yanke zumunci ba.

Maganar tirela kuwa, kada ka bi. A jawabinsa na 27 ga Afrilun 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ban da motocin abinci da kayan da ba a iya zama babu su, ga kuma dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Amma ba shingen jami'ai ne babban abin da nake ji maka ba, ko wahalar kwana a takure tsakanin buhuna cikin zafin nan. Ku bakwai ne a ɗaki, kowa yana fita neman abin buɗa baki. Mutum yana iya ɗauke da cutar nan ba tari ba zazzaɓi, ko ta kwanta a jikinsa har kwana 14 kafin ta nuna kanta. Ga saurayi irinka tana iya wucewa kamar mura. Waɗanda take kayarwa su ne tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon suga. Ka duba ka ga wa za ka fara durƙusawa a gabanta idan ka sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku a inda kuke kada ku fita kuna gudunta. Da wannan hadisin, wanda Abdurrahman bin Auf ya kawo, Sayyidina Umar ya samu ƙarin natsuwa lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham. Zamanka a Agege biyayya ce, har ga iyayen naka.

Juma'arka ta koma yadda take, da aike ko babu. Sannan idan aka kawo muku zakkar fidda kai, ka karɓa, haƙƙinka ne a bana. Alhazanmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da ku nake: bana ba sai kun nemi mabuƙata da nisa ba, ku leƙa ɗakunan samarin nan da baburansu ke jingine.

TAMBAYA TA BIYU

Anti, ina aure a Idi-Araba, iyayena suna Kano. Mahaifina ya rasu ƙarshen watan Afrilu, cikin kwanakin da aka yi ta rasa dattawa a can. Kwana biyu kawai ya yi yana jinya. Abin da ya fi ci mini rai, a WhatsApp na fara ganin hotonsa, wani ɗan baffanmu ya saka da addu'a a ƙasa, tun kafin kowa ya kira ni. Ban je ba, babu hanya. An yi uku, an yi bakwai, ina nan. Yanzu a zauren danginmu na WhatsApp wasu suna jefa magana, wai da ina so da na san yadda na yi. Umma tana takaba, idan na kira ta sai mu yi ta kuka mu kasa magana, har na fara jin tsoron kiran. Har yanzu ji nake kamar idan na je zan same shi a ƙofar gida.

AMSA

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwata, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa. Ni ma goggona ta tafi a cikin kwanakin nan a Kano, wadda ta yi mini wankan jego na fari, kuma ni ma ban je ba. Don haka ba daga nesa nake miki magana ba.

Bari in fara da masu saka hoto, don raina ya daɗe yana ɓaci da wannan ɗabi'a. A tarbiyyarmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa. Babba ake samu ya zo ya zauna, ya yi sallama, ya yi nasiha, sannan ya faɗa. Idan mace ce mai ciki ko mai jego, mijinta ake fara nema. Waya ba ta soke wannan ba. Duk wanda aka yi rasuwa a danginsu, ya riƙe yatsansa har sai ya tabbata 'ya'ya da mata da 'yan'uwan ciki ɗaya sun ji daga bakin mutum. Babu ladan da ake tsere a kai wajen riga kowa sanarwa.

Jin da kike yi kamar za ki same shi a ƙofar gida, ba taɓuwa ba ce, kuma ba raunin imani ba ne. Zaman makoki yana da aikin da yake yi wa zuciya. Ki ga makara ta fita, ki ga takalma sun cika ƙofar ɗaki, mutum ɗari ya ce miki ya haƙuri ki amsa sau ɗari, a nan ne zuciya take yarda. Ke an hana ki wannan, ba da laifin kowa ba. Sai ki nemi abin da zai tsaya a madadinsa. Ni abin da na yi, na zauna da takarda na rubuta duk wanda da na je Kano zan durƙusa in yi wa gaisuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya cikin kwana uku. Ki yi haka: baffanni, goggonni, abokiyar zaman Umma idan akwai, limamin unguwa ta hannun maigidanki. Ki roƙi wanda ya tsaya a kan jinyar ya ba ki labarin kwana biyun nan tiryan-tiryan, me Baba ya ce, wa ya yi masa wanka, ina aka sa shi. Za ki yi kuka, amma kukan da yake sauke nauyi ne.

Kada ki manta da abokansa na kasuwa da na masallaci. Ya zo a Sahih Muslim cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya wuce. Dattawan nan su ma a kulle suke, kuma wasunsu aboki na biyu ko na uku ke nan suka rasa cikin wata guda. Muryar 'yar abokinsu daga Legas ba ƙaramin abu ba ce a wurinsu.

Umma kuwa, yanzu ne ta fi buƙatarki. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, masu gaisuwa kuma daga bakwai suke janyewa, balle bana da dama ba a taru ba. Kukan da kuke yi tare ba ɓata kira ba ne, shi ne kiran. Amma don kada tsoro ya kore ki, ki sa wa abin lokaci da ɗan aiki. Misali bayan asuba, ku yi azkar tare, ko ki karanta mata shafi ɗaya tana bi. Daga nan ki yi tambayoyin da suke da amsa: me kika ci da sahur, kin sha maganinki, wa ya kwana a ɗakinki. Wata rana ki bar layin a buɗe kina aikinki, tana jin motsin jikokinta. Ba dole sai an yi ta magana ba.

Masu jefa magana a zaure, kada ki amsa musu a can. Rubutu ba shi da murya, kowa da irin sautin da yake karanta shi, kuma mutum talatin ne suke kallo. Ki kira babban yayanku ki ce, "Yaya, na ga abin da ake faɗa, ya yi mini ciwo, kai ka san da akwai hanya da na zo." Ki bar shi ya tsawatar. Mafi yawan irin wannan magana zafin rashi ne yake neman inda zai sauka. Annabi ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda idan aka yanke masa yake sadarwa.

Sadaka kuma ba sai a Kano ba. Ki dama kunu, ki soya ƙosai, yara su sa takunkumi su miƙa wa maƙwabta a bakin ƙofa da niyyar ladan ya kai gare shi. Idan kuma kwanaki suka ja ba kya barci, ba kya iya cin abinci ko kula da yara, ki faɗa wa maigidanki ku ga likita, kada ki ce haƙuri kaɗai zai ɗauke.

TAMBAYA TA UKU

Anti, mu a gidanmu duk Sallah gidan Kaka ake haɗuwa a Katsina. Bana ni ina Obalende, yayata tana Abuja, wani yayanmu yana karatu a Madina. Kaka ƙaramar waya gare ta mai tocila. Yaya za mu yi mata barka da Sallah tare, ga tsadar data?

AMSA

'Yata, taki mai sauƙi ce, shiri kawai take so, kuma Sallar bana, 2020, 23 ko 24 ga Mayu ce gwargwadon ganin wata, kuna da lokaci. A ƙarshen Afrilun 2020 WhatsApp ya ƙara yawan masu shiga kira ɗaya daga mutum 4 zuwa 8. Ku samu jika ɗaya a Katsina mai babbar waya, ku tura masa kuɗin data tun jajibiri, ya cika caji, ya wanke hannu ya sa takunkumi kafin ya zauna kusa da ita. Idan kun fi takwas akwai Zoom, amma na kyauta yana yanke taro bayan minti 40. Idan sabis ya ƙi, ku kashe hoto ku bar murya, ta fi sauƙin data nesa ba kusa ba. Ƙaramar wayar tata ma tana shiga kiran haɗaka na layi, sai dai wanda ya haɗa shi ne yake biyan kowane layi.

Abin da yake ɓata irin wannan kira shi ne kowa ya buɗe baki lokaci ɗaya, tsohuwa ta rasa wa ke magana. Ku bi tsarin da kuke bi a ɗakinta: babba ya fara, ya faɗi sunansa, ya gaishe ta, ta sa masa albarka, na biye ya karɓa. Ku sa kayan Sallarku ko da tsofaffi ne, tana son ta gani. Don data ta yi auki, ku shiga saitin WhatsApp ku hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Kuma don Allah a rage tura mata saƙonnin nan na cewa tafarnuwa da lemun tsami ko ruwan zafi suna kashe korona. Ba sa kashewa, kuma suna sa tsofaffi sakaci da wanke hannu da nisantar taro.

Kada kuma Katsina ta mantar da ke Obalende. A wannan azumin na 2020 masallatai a rufe suke, majalisar bayan asham ta watse don lokacinta ya faɗa cikin dokar hana fita, akwai dattawa a layinku da suke wuni ba wanda ya ce musu sannu. A gidan da nake haya akwai wata tsohuwa Bayerabiya, 'ya'yanta suna Ibadan, hanya ta raba su. Kullum da la'asar nakan tsaya daga bakin tagarta, taku uku tsakaninmu, in gaishe ta, in tambaya ko akwai abin da za a sayo mata. Daga nan in hau sama in kira tawa Innar wajen shida da rabi, don Zariya suna riga mu shan ruwa da 'yan mintuna, in ce ta sa ni a addu'ar buɗa baki kafin ladaninsu ya kira. Jiya ta ce in gaishe mata da tsohuwar tagar, ta kuma ce in tambaye ta ko tana cin tuwon shinkafa, don a sa da ita ranar Sallah.